Ranar da Nasani Ya Musanya Masu Sana'a

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba wanda zai ce ƙage nake yi masa. Tun yana yaro, kafin a gama gaya masa magana ya ce "na sani", har sunan ya bi shi. Yanzu matarsa ma Nasani take ce masa idan ranta ya ɓaci. Ya yi aiki a wurare da dama, ba inda ya rufa shekara, domin a ganinsa duk ubangidan da ya samu bai kai shi fahimtar aikin ba. Duk ranar da aka sallame shi kuwa ɗakin baƙina ne masauki, shi da matarsa da 'ya'yansa da wata tsohuwar fanka mai kuka kamar injin niƙa.

Da cibiyar koyar da sana'o'i ta gwamnati ta ɗauke shi aiki, murnar da na yi ta fi tasa. Na wanke ɗakin, na yi masa fenti, na kulle. Aikin ba wuya: ya riƙa bin waɗanda aka yaye ya ga ko sun samu abin yi, kuma ko sana'ar da suka koya ce suke ci da ita. Amma Nasani daga kujera yake auna su. Idan an tambaye shi sai ya ce yana jin nasarar shirin a jikinsa.

Wata safiya ya hau benenmu yana haki. Muna zaune ne a saman wasu shaguna huɗu da maigidana ya gina, sababbi fil, masu ƙofofin gilas, ba a riga an ba da hayarsu ba.

"Yaya, ma'aikata za ta turo mai tantancewa," in ji shi. "Duk cibiyar da ɗalibanta ba sa aiki da abin da suka koya, rufe ta za a yi."

"To naku suna aiki?"

"Suna yi mana. Jiya na zagaya."

"Jiya ka fara zagayawa ke nan."

"Wannan ba shi ne batun ba. Yaya, kin ga inda suke aikin? Tela a ƙarƙashin matattakala. Mai aski a wani lungu da ko kujera biyu ba ya ɗauka. Idan baƙuwa ta ga wannan ai sai ta ce mun horar da 'yan gudun hijira. A ba ni aron shagunan nan na rabin yini, in nuna mata abin da ake kira sakamako."

Maigidana, wanda ke shan shayi, ya ajiye kofi. "Ƙofofin gilas ne."

"Na sani, Yallaɓai."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Ni ce na lallashi maigidana, kuma ba don ƙaunar gwamnati ba. Na nuna masa ƙofar ɗakin baƙi na ce idan aka rufe cibiyar nan, ya san wanda zai buɗe waccan. Ya kalli ƙofar, sannan ya ciro makullan shagunan.

Ana gobe baƙuwa za ta zo, Nasani ya tara mutanensa huɗu a ƙasa, ni kuma ina baranda ina shanya. Akwai Giwa, tela, ƙato ne wanda sai ya karkace yake shiga ƙofa, amma allura a hannunsa kamar da ita aka haife shi. Akwai Tsigi, 'yar firit ɗin yarinya mai walda, wadda rabin ƙofofin unguwarsu ita ta haɗa. Akwai Sanƙo, mai aski, ba ko gashi ɗaya a kansa, ga tabarau. Sai Gayu mai gyaran waya, wanda gashin kansa kaɗai kan ci masa rabin safiya.

Nasani ya zagaya su hannu a baya, yana girgiza kai.

"Ba ku dace ba," in ji shi.

"Da me, Oga?" in ji Giwa.

"Da sana'o'inku. Ni na karanci yadda manya ke duba aiki, da ido suke yi. Wa zai yarda ƙato irinka ɗinki yake yi? Za ta ce daga tashar mota muka ɗauko ka. Kai ne mai walda. Ke Tsigi, keken ɗinki ya fi kama da ke."

"Ban taɓa zura zare a allura ba," in ji Tsigi.

"Ba zurawa za ki yi ba, zama za ki yi. Kai kuma Sanƙo, mai aski ba gashi? Za ta ce kanka ka fara lalatawa. Da tabaran nan naka, gyaran waya ne ya dace da kai. Gayu, kanka kaɗai talla ne, kai ne mai aski."

Sanƙo ya cire tabarau ya goge. "Idan ta ce mu gwada fa?"

"Ba sa cewa. Hoto suke ɗauka, su sha ruwan sanyi, su tafi. Kuma ku tuna, idan aka rufe cibiya malamanku ne za su zauna a gida."

Wannan maganar ce ta kashe musu baki, domin suna son malamansu. Daga baranda na ce, "Nasani, ka bar kowa da abin da ya iya mana."

"Yaya, ke shanya kika sani. Ki bar wa masana awo."

Bai tsaya nan ba. Don kada baƙuwa ta bi ta tsofaffin wuraren ta ga an rufe ta yi tambaya, sai ya liƙa sanarwa a kowanne cewa an koma sababbin shaguna, har da kwatancen layinmu. Ya dawo yana gaya mini cewa irin wannan hangen nesa ba a koyar da shi a makaranta.

Washegari layinmu ya cika. Mai shayin da ke tsallaken titi ya ƙaro benci, matan maƙwabta suka fito da kujerunsu kamar za a nuna fim. Nasani ya sa kwat da laktaye, ya shafa turaren da har baranda nake jin sa. Da hantsi mota ta tsaya, Shugaban cibiya ya fara fitowa, wani dattijo mai sanyin hali da bai san komai game da musanyar ba. Bayansa sai baƙuwar, gajeriyar mata mai furfura da takalmi mara tsini. Tun daga takalmin na san wannan ba ruwan sanyi ta zo sha ba.

Shugaba ya hango Giwa da fuskar walda a goshi, ya buɗe baki, sai Nasani ya sha gabansa.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa dandalin nasara. Abin da za ki gani yau ba a taɓa ganin irinsa a wata cibiya ba."

"Haka nake fata," in ji ta.

Suka fara da shagon aski. Gayu na tsaye da injin aski a hannu, ya riƙe shi kamar zai kira wani da shi.

"Wannan yaron," in ji Nasani, "sai ka yi layi kafin ka same shi. Ni kaina ba wanda ke taɓa mini kai sai shi."

"Madalla," in ji baƙuwar. "Na ga kan naka ya taru. Zauna mu gani."

"Ranki ya daɗe, lokacinki..."

"Don wannan aka biya ni lokacin. Zauna."

Ya zauna. Gayu ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna injin, ya sunkuya ya raɗa masa wata magana wadda daga baya na ji cewa "Oga, ka yafe ni" ce. Kafin ya fara, baƙuwar ta leƙa waje ta ce wa direbanta ya ciro ƙarfen jak ɗin motarsu da ya karye ya kai wa mai walda, don kada a ɓata lokaci.

Ina hango su duka daga sama. Gayu ya dasa injin a goshin ƙanena ya tura shi har ƙeya a tafiya ɗaya, ya buɗe hanya fes a tsakiyar kai. A shagon kusa kuma Giwa ya karɓi ƙarfe, ya zaro tef daga wuyansa ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ciro alli daga bayan kunne ya yi masa alama.

"A tsuke shi ne ko a bar masa sarari?" ya tambayi direba.

"Haɗa shi kawai za ka yi."

"To. Yaushe za ka zo karɓa?"

"Yanzu."

Giwa ya waiwaya ya kalli shagon Tsigi da idon neman taimako. Tsigi tana ta yi masa alama da hannu cewa kada ya taɓa, shi kuwa ya ɗauka nuna masa inda zai taɓa take yi. Ya sauke fuskar walda, ya yi addu'a, ya dangwala. Wani haske ya tashi, wani abu ya yi ƙara a jikin bango, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Giwa ya yi tsalle da baya, bayan nasa kuma ya gamu da ƙofar gilas. Ƙofar ce ta sha kashi.

A gefena maigidana ya yi wani ɗan nishi, ya koma ciki ya ja labule.

Nasani ya fito da gudu, ƙyalle a wuya, hanya a kai. Mai shayi ya miƙe tsaye don ya gani da kyau.

"Oga, wannan titin mai hannu ɗaya ne ko biyu?"

"Sabon yayi ne," in ji Nasani, "bai iso layinku ba tukuna." Ya juya ga baƙuwar. "Ranki ya daɗe, kin ga ƙarfin injinan da muke ba ɗalibanmu, wutar gari ma ba ta iya ɗaukar su. Mu je wurin ɗinki, keken ƙafa ne, ba ruwansa da wuta."

Baƙuwar ba ta yi dariya ba, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Ta cire gyalenta ta nuna wa Tsigi inda ƙofar mota ta yage shi. Tsigi ta shimfiɗa gyalen, ta duba hagu da dama kamar tana neman abin matse shi, ta runtse ido ɗaya yadda take yi wa wuta, ta taka keken da duk ƙarfinta. Keken ya ɗauki gudu. Da ta tsaya, gyale da mayafin tebur da bakin labulen shagon sun zama abu ɗaya.

Baƙuwar ta ja gyalen, labule ya biyo shi.

"Ranki ya daɗe," in ji Tsigi cikin ladabi, "muni kam ya yi muni. Amma ba zai sake rabuwa ba."

"Wannan shi ake kira ɗinkin haɗaka," in ji Nasani. "A manyan birane..."

"Saura mai waya," in ji baƙuwar.

Shugaba ya riga ya jiƙe da gumi, ya jingina da mota yana fifita da hularsa. Direba ya miƙa wa Sanƙo wayarsa, ya ce ba ta ɗaukar caji. Sanƙo ya karɓa da hannu biyu, ya kwantar da ita a kan tawul, ya tambayi direba lafiyar iyali da ta yara. Ya ɗauko ɗan buroshi daga aljihu ya share mata fuska da baya, ya jiƙa auduga ya goge gefe-gefe, ya barbaɗa mata hoda. Da ya rasa abin da zai ƙara, sai ya ɗaga ƙaramin madubi ya nuna wa direba bayanta.

"Ya yi, ko a ƙara rage ta?"

Matan maƙwabta suka zube da dariya, wata har tana dukan cinyar ta kusa da ita. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon baƙuwar, ina ganin fankar nan tana hawa benena, raina ya ɓaci sosai, kuma tausayin ƙanena ya kama ni duk da haka, yana tsaye a tsakiyar titi da rabin aski yana neman kalmar da zai yi wa hoda suna.

Baƙuwar ta juya ga Shugaba. "Malam, shekara nawa kuke horar da mutane su zama haka?"

Kafin dattijon ya samu bakin amsa, sai ga wata mata ta shigo layin da sauri, jaka a hammata, tana duba shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya gaban ƙaton da ke tattara fasasshen gilas, ta ɗaga masa fuskar walda.

"Giwa, kai ne a nan? Bikin ƙanwata jibi, kayana na hannunka, ka zo kana wasa da wuta?"

"Anti, wallahi saura hannu ɗaya."

"Wa ya ce maka da wuta ake sa hannun riga?"

Ba ta rufe baki ba wani mutum ya turo baro mai karyayyar ƙafa yana tambayar ina yarinyar nan mai walda ta koma. Wani dattijo da sanda ya shiga shagon waya ya zauna a kan benci, ya cire hula, ya ce wa Sanƙo kamar kullum. Wasu 'yan mata biyu suka tsare Gayu a bakin shagon aski, kowacce na neman wayarta. Sanarwar da Nasani ya liƙa ta yi aiki fiye da duk abin da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma mutane sai ƙara shigowa suke.

"Ranki ya daɗe, 'yan kallo ne," in ji Nasani. "Bari in kore su."

"Kada ka taɓa mini su," in ji ta. "Su na zo gani."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: wa ke yi maka aiki, tun yaushe, ka taɓa komawa da ƙorafi? Mai baro ya ce tun da Tsigi ta haɗa masa ƙofa ɓarayi suka koma gidan maƙwabcinsa. Da ta gama sai ta tafa hannu sau ɗaya.

"Kowa ya koma abin da ya koya."

Ba a sake maimaitawa ba. Gayu ya jefar da injin aski, ya buɗe akwatin wutar da ke bango, ya taɓa nan ya taɓa can, wuta ta dawo. Tsigi ta fizge fuskar walda daga kan Giwa, kafin mai shayi ya gama zuba kofi ta haɗa ƙarfen jak ta koma kan baro. Giwa ya zauna a keke, kujera ta yi ƙara, ya warware gyale daga labule da ɗan reza, ya ɗinke yagewar yadda baƙuwar ta juya shi sau da yawa ba ta ga wurin ba. Gayu ya busa hodar daga wayar direba yana tsaki, ya zaro wani dunƙulen datti daga ramin caji, waya ta kama.

Sanƙo ya gama da dattijonsa, sannan ya zagaya kan Nasani yana dubawa.

"Oga, wannan ba ya gyaruwa. Sai dai ƙwal-kwabo."

Haka aka yi masa, a gaban layi duka. Yana zaune ana kwashe sauran gashin, bakinsa bai huta ba.

"Ranki ya daɗe, kin ga dabarar ke nan. Na so in nuna miki bambancin wanda aka horar da wanda ba a horar ba. Sabuwar hanyar awo ce, ni na ƙirƙiro ta."

"Ta yi tsada," in ji maigidana daga bayan labule.

Baƙuwar ta yafa gyalenta, ta dubi Shugaba. "Cibiyarku tana nan, Malam. Mutanen nan na cin abinci da abin da kuka koya musu, masu neman su ma sun isa shaida. Da na bi su lungunansu da tuni na gama na tafi." Shugaba ya sauke numfashi, ya mayar da hularsa. Ni ma na sauke nawa, har na fara gode wa Allah, ashe na yi sauri.

"Sai dai akwai mutum ɗaya a nan," ta ci gaba, "da na ga an zaunar da shi a aikin da bai iya ba, kuma ba a mayar da shi nasa ba." Ta juya ga ƙanena. "Kai wace sana'a ka koya?"

Nasani ya buɗe baki, ya fara da cewa fannoninsa suna da yawa. Ban san lokacin da bakina ya riga hankalina ba.

"Ranki ya daɗe, bai koyi komai ba."

Kowa a layin ya ɗaga kai ya kalle ni.

"Ke wace ce?"

"Yayarsa."

"To an samu shaida daga gida." Ta koma ga Shugaba. "Kujerar bin ɗalibai a ba wa mai tafiya da ƙafa. Wannan kuwa irinsa aka buɗe wa cibiya. Ku ba shi gurbi a aji na gaba, ya zaɓi sana'ar da yake so. Idan an yaye shi ni da kaina zan zo in duba."

"Da albashi?" in ji Nasani.

"Da kuɗin mota."

Motarsu ta tashi, masu sana'a suka ci gaba da sallamar mutanensu. Giwa da Tsigi ma a ranar suka yi magana da maigidana suka kama shago ɗaya-ɗaya, abin da ya ɗan rage masa zafin ƙofar. Ni kuwa na shiga ciki na tsaya gaban ɗakin baƙi ina kallon fentina, ina jin haushin bakina. Kuɗin mota ba ya biyan haya, wannan ko Nasani ya sani.

Ba a yi mako ba suka iso, shi da matarsa da yara, fankar a gaba. Yana hawa bene yana gaya wa mai shayi cewa ma'aikata ce ta tura shi bincike na musamman daga cikin aji, irin wanda ba a ba kowa. Aski ya zaɓa, wai tunda ya ɗanɗana ya gane sirrin abin. An ba su injin gwaji su zo da shi gida, an ce kowa ya nemi kan da zai koya da shi. Yaransa sun gudu wurin kakarsu, mai shayi ya ce shi ya yi alkawarin tara gashi. Maigidana kuwa, tun ranar da hula yake kwana.